Makullin da ke cikin jini: me ya sa emasi ba ta bayyana sai jariri ya kai wata shida?

Akwai wata tambaya da iyaye mata ke yawan yi, a rumfunan kasuwar Konni ran Laraba da kuma bakin asibitocin Malbaza, Galmi da Illela, wadda har yanzu da yawansu ba su samu amsar da ta kwanta masu a rai ba. Tambayar ita ce: in da gaske ne ciwon emasi gado ne, kuma da shi ake haihuwar yaro, to me ya sa ake haifar jariri ɓul-ɓul, a yi suna lafiya, a yi arba'in lafiya, sai ya kai wata biyar ko shida sannan hannuwa da ƙafafu su fara kumburi, ya hana kowa barci da kuka? Ina ciwon ya ɓoye duk tsawon watannin nan?

Da yake ba a samu mai bayani ba, kowa sai ya kawo tasa amsar. Wannan ta ce haƙori ne, tunda daidai lokacin fitar haƙori abin ke farawa. Waccan ta ce kunun da aka fara ba shi ne bai karɓe shi ba. Wata ta ce nonon uwar ne ya ɓaci, wata kuma ta ce kambun baka ne ko maita. In aka yi rashin sa'a yaro biyu ko uku suka rasu a ɗaki guda, sai a ce wabi matar ke yi, daga nan kuma sai gori, sai kishiya, wani lokaci har saki. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu, musamman iyayenmu mata ƴan kasuwa, abin da masana suka gano game da wannan al'amari, domin amsar tana nan, kuma ta wanke uwa daga zargi.

Ciwon da muke magana a kansa shi ne wanda a nan Nijar ake kira emasi, a Najeriya a ce sikila, wasu kuma su ce amosanin jini. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya nuna cewa a Najeriya kaɗai ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa a jini ba tare da ya yi ciwon ba. Mu kuwa a Konni mun san iyaka ba ta raba jini: ana aure tsakaninmu da Illelar Najeriya, da Gwadabawa, da Sakkwato, tun kaka da kakanni.

JINI IRI BIYU

Abin da ke sa jini ja wani sinadari ne da likitoci ke kira himoglobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Aikinsa dako ne: ya ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina cikin jiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, himoglobin ɗin da ɗan tayi ke aiki da shi a cikin mahaifiyarsa daban yake da wanda babba ke aiki da shi. Ɗan tayi ba ya numfashi, daga jinin uwarsa yake karɓar iska ta hanyar mabiyiya, saboda haka Allah ya hore masa wani himoglobin mai ƙarfin jan iska fiye da na uwar. Likitoci na rubuta shi da harafin F. Mu a nan za mu kira shi jinin jarirai, na biyun kuma jinin manya.

Ranar da aka haifi yaro, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na himoglobin ɗinsa jinin jarirai ne. Daga nan sai ya yi ta raguwa sannu a hankali, jinin manya na maye gurbinsa, ta yadda kafin wata shida mafi yawansa ya tafi. A jikin babba abin da ke saura bai fi kashi 1 cikin 100 ba.

To, a nan asirin yake. Aibin da ke kawo emasi a cikin jinin manya yake, babu shi a jinin jarirai. Jinin manya mai aibi, wanda ake rubutawa da harafin S, idan ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya manne wa juna ya yi tsinke-tsinke, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama kewayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Irin waɗannan ƙwayoyi su ke cunkushewa a ƙananan hanyoyin jini, kamar yadda amalanke ɗaya in ta gitta a lungun kasuwa take tsayar da kowa. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi. Bugu da ƙari, lafiyayyar ƙwayar jini na yin kwana 120, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa mai emasi kullum cikin ƙarancin jini yake. Shi kuwa jinin jarirai ba ya shiga wannan mannewa, hasali ma yana hana ta. Muddin yana da yawa, ciwon ba ya samun hanya.

Wata likitar yara a birnin Niyok na Amurka, mai suna Janet Watson, ita ta fara lura da haka a shekarar 1948. Ta ga jinin sababbin haihuwa ba ya lanƙwashewa kamar na iyayensu mata, ta ce lalle jinin jarirai ne ke kare su. Tun daga lokacin masana suka shiga neman amsar tambaya guda: wa ke tsayar da jinin jarirai bayan haihuwa, kuma ta yaya?

ZARE DA KWARKWARO

Kafin mu kai ga amsar, sai mun ɗan leƙa cikin jiki. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma a tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani zare siriri da ake kira DNA, masu faransanci su ce ADN. A jikin wannan zare aka rubuta duk umarnin halittar mutum, rabi daga uwa rabi daga uba. Umarnin ya kasu gida-gida, kimanin gida 20,000, kowane gida da aikinsa. Su ne ake kira ƙwayoyin gado.

Abin mamaki shi ne, zaren da ke cikin ƙwayar ido, shi ne dai ke cikin ƙwayar hanta, shi ne ke cikin ɓargo. To in haka ne me ya hana ido yin aikin hanta? Amsa ita ce, ba duka gidajen ke buɗe ba. Ku ɗauki misalin babbar kasuwa mai shaguna dubu ashirin: a kowace ƙwaya akwai shagunan da aka buɗe ana ciniki, akwai waɗanda aka garƙame. Ƙwayar ido ta buɗe na gani ta rufe na hanta. Kayan na nan cikin shagon da aka rufe, ba a sace ba, ba a ƙone ba, hannu ne kawai ba ya kai gare su.

Yaya ake rufewar? Zaren da ke cikin ƙwaya guda, in da za a miƙe shi, zai kai kusan mita 2. Domin ya shiga wurin da bai kai kan allura ba, dole a naɗe shi, kamar yadda tela ke naɗe zare a kwarkwaron keke. Kwarkwaron nan na cikin jiki sunansa histon. Wani Bajamushe, Albrecht Kossel, ya gano shi tun 1884, amma an daɗe ana zaton naɗi kawai ne aikinsa. Sai a 1964 wani masani a Niyok, Vincent Allfrey, ya nuna cewa jiki na manna wa histon wasu ƙananan alamomi, kuma alamomin na da alaƙa da buɗewa ko rufewar gidajen gado.

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin lodin albasa a Galmi ya san aikin alama. Buhuna iri ɗaya ne, amma fentin da aka shafa a jikin buhu shi ke gaya wa ƴan dako na wane ne, da motar da zai shiga. Haka abin yake a nan. Akwai alamar da ake kira asetil: inda aka sa ta, naɗin zare na sassautawa, a samu damar karanta umarnin da ke wurin. Akwai kuma wata, metil, wadda in aka sa ta a wani gurbi na musamman na histon, ma'anarta a rufe. Kuma ba sinadari ɗaya ke wannan aiki ba, ƙungiya-ƙungiya suke yi, kamar ƴan lodi: wani ya sa alama, wani ya karanta ta, wani ya goge tsohuwa, wani kuma ya ja zaren ya tamke.

ƘUDA, KYANWA DA SANYIN HUNTURU

Fitacciya a cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Polikom, kuma a jikin ƙuda aka fara ganin aikinta, irin ƴan ƙudajen nan da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. Namijin wannan ƙuda yana da ɗan gashi mai kama da mataji a ƙafafunsa biyu na gaba kawai. A 1947 wata mai bincike a jihar Kalifoniya, Pamela Lewis, ta ci karo da wasu ƙudaje da matajin ya fito masu har a ƙafafun tsakiya da na baya. Daga nan sunan ya samo asali, domin ma'anar Polikom ita ce mataji da yawa. Mijinta, Edward Lewis, wanda ya samu kyautar Nobel a 1995, ya nuna a 1978 cewa abin da ya lalace a ƙudajen shi ne mai rufe gidajen da ke faɗa wa kowane sashe na jiki abin da zai zama. Da mai rufewa ya gaza, sai sassan jiki suka rikice, wannan ya ɗauki siffar wancan. A 2002 ne ƙungiyoyin masana huɗu, kowace da nata binciken, suka tabbatar cewa aikin Polikom shi ne sa alamar metil ɗin nan a jikin histon. Irin wannan ƙungiya na cikin jikinmu, tana cikin dabbobi da tsirrai. Ɓeran da aka cire wa ita tun yana ɗan tayi ba ya kaiwa haihuwa.

Akwai misalin da ke yawo a gidajenmu. Ku lura da kyanwa mai launi uku, baƙi da ja da fari: kusan kullum mace ce. Dalili kuwa, mace na da wani ƙullin zare da ake kira X guda biyu, namiji ɗaya gare shi. Wata Baturiyar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana a 1961 cewa tun ciki na ƙarami kowace ƙwaya a jikin mace ke rufe X ɗaya gaba ɗayansa, wata ta rufe na uwa, wata ta rufe na uba. Umarnin baƙi ko ja na gashin kyanwa a kan X yake, saboda haka inda aka rufe na baƙi sai ja ya fito, inda aka rufe na ja sai baƙi. Polikom na cikin masu wannan rufewa.

Manoman albasa kuma sun san sanyi ke tura albasa ta fidda fure. Masana da suka bi diddigin yadda tsiro ke tuna cewa ya sha sanyi, cikinsu har da Caroline Dean ta Ingila, sun yi aikinsu kan wani ɗan haki dangin kabeji. Sun tarar yana da gidan gado mai hana fure, kuma makonnin sanyi ke sa Polikom ta rufe wannan gida, ya zauna a rufe ko bayan sanyin ya wuce, sai tsiron ya yi fure. Wannan ya nuna mana wani muhimmin abu: in ƙwaya ta rabu biyu, alamomin na bin ƴaƴanta. Abin da aka rufe yau, a rufe zai zauna shekara da shekaru.

WA KE RUFE JININ JARIRAI?

Mu dawo kan emasi. Ana ƙera jajayen ƙwayoyin jini ne a cikin ɓargo. Gidan jinin jarirai da gidan jinin manya maƙwabta ne, suna jere a kan ƙullin zare na 11. Lokacin da yaro ke ciki, na jarirai ne a buɗe. Bayan haihuwa sai a juya.

An yi shekara 60 bayan Janet Watson kafin a gano mai ba da umarnin juyawar. A 2007 da 2008, binciken da aka yi kan jinin dubban mutane, wanda Swee Lay Thein ta jagoranci wani sashensa a Landan, ya nuna yatsa ga wani sinadari da aka sa wa suna BCL11A. A 2008 ɗin kuma Vijay Sankaran da Stuart Orkin a birnin Boston suka tabbatar cewa in aka rage wannan sinadari a ƙwayoyin ɓargon babba, jinin jarirai na dawowa. Shi BCL11A tamkar sarkin kasuwa yake: ya san ƙofar shagon da za a rufe, ya je ya tsaya a bakinta, amma ba shi kaɗai ke aikin ba. Yana kiran wata ƙungiya mai suna NuRD, wadda a cikinta akwai masu goge alamar asetil, wato alamar buɗewa, akwai kuma mai tura kwarkwaron histon ya matse zaren. Da sun gama, gidan jinin jarirai ya yi shiru.

Ga yaron da ya gaji lafiyayyen jinin manya, wannan rufewa ba ta da wata illa, ci gaban halitta ne kamar yaye. Amma ga wanda ya gaji S daga uwa da uba duka biyu, ranar da aka rufe gidan jinin jarirai, an janye masa garkuwa. Ba haƙori ba ne, ba kunu ba ne, ba nono ba ne. Lokaci ne kawai ya zo ɗaya.

Hujjar da ta ƙara ƙarfafa wannan bayani ita ce ta mutanen da makullinsu bai kama sosai ba. Akwai waɗanda ake haifa da wani ɗan bambanci daidai inda BCL11A ke tsayawa, sai jinin jarirai ya ci gaba da zuba har tsufansu. Irin waɗannan ko sun gaji S, da yawansu ba su san ciwo ba. A gabashin Saudiyya, wajen Katif da Ahsa, da wasu sassan Indiya, masu emasi na riƙe jinin jarirai da yawa, shi ya sa ciwon nasu ya fi sauƙi a yarinta. Irin da ya fi yawa a yankinmu kuwa ba ya riƙe shi da yawa haka. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a gida ɗaya ma a ga wa da ƙane duk SS, ɗaya kullum yana asibiti, ɗaya sai jefi-jefi.

ANA IYA SAKE BUƊEWA?

Tunda kayan na nan cikin shago, tambayar da ta biyo baya ita ce ko za a iya sake buɗe ƙofa. An samu hanyoyi, kowace da nata tsada da nata haɗari.

Ta farko, wadda ta fi kusa da hannun talaka, ƙwayar magani ce mai suna haidiroksiyuriya, ana shan ta sau ɗaya a rana. Ba ta warkar da emasi, amma tana ƙara yawan jinin jarirai. Wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 1995 cewa tana rage tashin ciwo da kusan rabi, aka amince da ita a can a 1998. An daɗe ana shakkar ko za ta dace da yaran Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. Sakamakon gwajin da aka yi kan yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, wanda ya fito a 2019, ya kawar da shakkar: tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin cizon sauron ma ya ragu da kusan rabi.

Nan kusa da mu ma an gwada. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan yara in ba magani, kimanin ɗaya cikin goma na shanyewa kowace shekara. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa da haidiroksiyuriya, ko da kaɗan ce, ƴan ƙalilan ne abin ya same su. Sai dai muna jan kunne: wannan ba maganin da za a saya a tebur ko hannun mai yawo da kwali ba ne. Likita ke auna shi daidai nauyin yaro, kuma sai ana duba jini lokaci-lokaci, domin in ya yi yawa yana rage ƙwayoyin da ke kare jiki. Mai ciki ko mai neman ciki kuma sai ta shawarci likita.

Hanya ta biyu ita ce a raunana sarkin kasuwar kansa. Ana ɗebo uwayen ƙwayoyin jini daga jikin majinyaci, a kai su ɗakin bincike, a yanke wurin da ke kunna BCL11A a jajayen ƙwayoyi, sannan a mayar masa. Wata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai emasi ta farko da aka yi wa haka a 2019. Ingila ta amince da wannan magani mai suna Casgevy a watan Nuwamba na 2023, Amurka ta bi baya a Disamba. Cikin mutum 31 da aka bi lamarinsu a gwajin, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ciwo mai tsanani bai tashi ba. Amma kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, wato sama da miliyar guda na kuɗin sefa, ga kwanciyar makonni a asibiti, ga wani magani mai ƙarfi da ake fara bayarwa don share tsohon ɓargo, wanda ke iya hana haihuwa.

Hanya ta uku ita ce neman ƙwayar sha da za ta sassauta hannun ƙungiyoyin rufewa. Wani kamfanin Amurka, Fulcrum, ya gwada wata ƙwaya da ke raunana Polikom. A 2023 hukumar magunguna ta ƙasar ta dakatar da gwajin na wasu watanni saboda fargabar kansar jini, sannan ta bari aka ci gaba, kuma a 2025 kamfanin ya sanar cewa jinin jarirai ya ƙaru a jikin waɗanda suka sha a gwajin farko. Darasin da ke nan shi ne, masu rufe shagon jinin jarirai su ne ke rufe ɗaruruwan wasu shagunan da bai kamata a buɗe ba. Wanda ya kori masu gadin kasuwa duka don shago ɗaya, ya san abin da zai biyo baya. Shi ya sa masana ke taka-tsantsan.

ABIN DA KE HANNUNMU

Watannin nan shida na farko da jinin jarirai ke tsare yaro, rata ce Allah ya ba iyaye don su shirya. In an san akwai S a jinin uwa da uba, ko an taɓa samun mai emasi a ɗakin, kada a jira kumburi. A gaya wa likita ko ungozoma tun ana awon ciki, a nemi a auna jinin jariri da wuri. Yaron da aka gane da wuri ana sa shi kan maganin fenisilin kullum tun yana wata biyu ko uku har shekara 5, kuma wani bincike na 1986 ya nuna hakan na rage mugun ciwon da ke kashe irin waɗannan yara da kashi 84 cikin 100. A cika masa allurar rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, a yawaita ba shi ruwa, a rufa masa jiki da hunturu, kada a fita da shi rumfa da sassafe cikin iska ba riga mai kauri.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: zazzaɓi, kumburin hannu ko ƙafa, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura ta gefen hagu wajen saifa, numfashi sama-sama, ko hannu ko ƙafa su saki, ko baki ya karkace. In an ga ɗaya daga ciki, a bar wa maƙwabciya rumfa a nufi asibiti. Cinikin yini ɗaya ana mayar da shi. Ga asibitin gundumar Konni, ga asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ga babban asibitin jihar Tawa, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta musamman don masu emasi.

Sai maganar aure, wadda ita ce tushe. Yaro ba ya yin emasi sai ya karɓi iri daga ɓangare biyu, saboda haka babu hujjar ɗora wa mace laifi ita kaɗai. In miji AS ne mata AS ce, dukansu lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zo SS. A lura, kowane ciki da nasa rabon: ba wai in an samu ɗaya mai ciwo ukun da ke biye sun tsira ba ne. Akwai kuma wani iri da ake kira C, wanda in ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwon. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar in irin na cikin dangi, amma bare da bare ma na haɗuwa, don haka awo ne kaɗai ke raba gardama. Kuma a san irin awon da za a nema: awon Emel da aka saba yi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS. Wanda ke fayyacewa shi ne elektroforez, wanda a Najeriya ake ce wa awon jinotaif. A jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta wannan awo kafin ɗaurin aure.

Iyayenmu mata su ne ke shekara da shekaru suna zubin adashi don kayan ɗakin ɗiya, su ne kuma ke kwana zaune da jika in ciwo ya tashi. Babu wadda za ta sayi turmin atamfa ba ta warware ta duba ba. To, lokacin da ya dace a yi awo shi ne tun ana neman aure, kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, kafin a sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba. Waɗanda kuma aure ya riga ya haɗa, sanin matsayinsu zai sa su tari kowane jariri da shiri.

Muna kira ga malamanmu da limamai da su riƙa tambayar takardar awo kafin fatiha, muna kuma kira ga hukumomin kiwon lafiya na Konni, Malbaza da Illela da su kusanto da awon elektroforez da haidiroksiyuriya ga talaka cikin farashin da zai iya. Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta tun 2008 don tunawa da masu wannan ciwo, kuma zai yi kyau ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata su riƙa gayyato likita a wannan rana ya yi wa jama'a bayani a cikin kasuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, amin.